Jarawan Jos da Fulanin Daji: Abin da Hanjinsu Ya Nuna wa Masana

Duk wanda ya zauna a Jos ya san unguwar Jos Jarawa, wadda ta samo sunanta daga mutanen Afizere, watau waɗanda Hausawa suke kira Jarawa. A zamanin da, kuza ce ta kai sunan Jos ƙasashen waje. A shekarar 2019 kuwa wani abu dabam ne ya kai shi, watau wani bincike da aka yi a kan hanjin Jarawa mazauna birnin da na maƙwabtansu Fulani makiyaya. Abin da aka gano ya shafi kowane ɗan Arewa da ya baro tuwon gida ya zo neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal.

Masu binciken sun fito ne daga Jami'ar Badun da wata jami'ar koyon aikin likita da ke birnin Graz a ƙasar Ostiriya. A cikinsu akwai Ayorinde Afolayan da Dokta Funmilola Ayeni. Sun karɓi bayan gida na mutanen ɓangarorin biyu, suka auna irin ƙananan halittun da ke ciki.

BAƘIN DA KE ZAUNE A CIKI

Kafin a je ga sakamakon, ya kamata mai karatu ya san cewa cikin ɗan Adam ba kango ba ne. A babban hanjinsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani lissafi da aka yi a 2016 ya nuna yawansu a jikin babban mutum ya kai wajen tiriliyan 38, nauyinsu duka kuma kamar giram 200. Galibinsu ba masu cuta ba ne, barori ne masu aiki dare da rana.

Abincinsu shi ne abin da likitoci suke kira faiba, watau sashen abinci wanda cikin mutum ba ya iya narkarwa da kansa, kamar dusar hatsi, da ɓawon wake, da zaren ganye. Idan ya isa babban hanji sai waɗannan halittu su tauna shi, su fitar da wasu sinadarai waɗanda fatar hanji take ci ta yi ƙarfi. Suna kuma tare wa ƙwayoyin cuta wurin zama. In mutum ya hana su abincinsu sai su ragu, waɗansu iri su maye gurbinsu.

To, a wajen Fulani an tarar da halittu masu cin faiba sun yi yawa, musamman wani dangi da masana suke kira Prevotella. A wajen Jarawa, waɗanda zaman birni ya sa suke haɗa abincin gargajiya da na kanti, waɗansu dangogi ne suka rinjaya, kuma an ga alamun abinci mai ƙarancin faiba. Ga shi dai ƙasa ɗaya suke, amma abinci da yanayin zama sun bambanta cikinsu.

Amma fa kada a ɗauka Fulani sun ci riba ta kowace fuska. Binciken ya nuna Jarawa sun fi su yawan ire-iren halittun, sa'an nan alamun ƙwayoyin cuta sun fi yawa a wajen Fulani. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda yake shan ruwan rafi tare da shanunsa. Ashe ke nan kowane ɓangare yana riƙe da rabin amsa: daji yana da abincin da hanji yake so, birni kuma ya fi sauƙin samun ruwa mai tsabta da asibiti. Mai hankali sai ya haɗa biyun.

BA A JOS KAƊAI BA

Tun a 1972 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, shi da abokan aikinsa suka buga irin wannan kwatanci. Sun tarar mutumin ƙauye a Afirka yana fitar da bayan gida kusan rabin kilo a rana, abinci kuma yakan ratsa cikinsa cikin kamar kwana ɗaya da rabi. Bature mai cin farin burodi da sukari a Ingila kuwa giram 100 da 'yan kai yake fitarwa, abincin kuma yakan kwana uku ko fiye a ciki. Burkitt ya danganta wannan jinkiri da taurin bayan gida, da basir, da ciwon daji na babban hanji, cututtukan da ya ce da wuya yake ganinsu a ƙauyukan da ya yi aiki.

A 2010 aka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan halittu masu cin faiba, da sinadaran nan masu ƙarfafa hanji.

Shin yaya saurin canjin yake? A 2015 aka buga sakamakon wani gwaji inda baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar abinci na mako biyu kacal. Cikin wannan ɗan lokaci alamun haɗarin ciwon daji suka ragu a hanjin Amurkawan da suka koma cin masara da wake, suka ƙaru a hanjin waɗanda suka koma cin soye-soye da nama mai kitse. Idan mako biyu ya isa haka, ina ga wanda ya shekara goma a Kurmi yana karya kumallo da shayi da farin burodi, da rana ya ci teba da miya 'yar cokali, da dare taliyar leda da lemon kwalba?

FARIN CIKI DA BAƘIN CIKI

Bahaushe ya daɗe da ajiye murna da ɓacin rai a cikin ciki. In ya ji daɗi ya ce farin ciki, in ransa ya ɓaci ya ce baƙin ciki, in tsoro ya kama shi ya ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Likitoci sun tabbatar akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, tana kai saƙo tana dawo da shi. Abin da ya sa ke nan mai fargaba yakan yi ta zarya bayi, wanda cikinsa ya daɗe a lalace kuma yakan zama mai saurin fushi, barci ya ƙi zuwa.

A 2017 aka buga wani gwaji da aka yi a ƙasar Ostireliya a kan mutum 67 masu ciwon damuwa. An koya wa kashi guda cin hatsi mai dusa, da wake, da ganye, da kifi, ɗaya kashin kuma aka riƙa zama ana ɗebe musu kewa kawai. Bayan mako 12, kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda suka gyara abinci sun sami sauƙi sosai, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8 ne. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancinsu ba su bar maganin likita ba. Abinci mataimaki ne, wanda damuwa ta yi wa nauyi kuwa sai ya ga likita.

ABIN DA MAZAUNIN KURMI ZAI YI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa babban mutum ya sami aƙalla giram 25 na faiba, da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace kowace rana. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mutanen Filato suna da gwate, wanda ake yi da acca ko tsakin masara a cika shi da alayyafo da yakuwa da gauta. Kabeji da karas da ake lodi a kasuwar Farin Gada ta Jos suna sauka a kasuwar Mile 12 ta Ikko, kuma 'yan Arewa ne suke sauke su suna sayarwa. Bai kamata mai sayar da kaya ya kasa ɗiba wa cikinsa ba.

Abincin masu masauki ma akwai na kirki. Ewedu da Yarabawa suke miya da shi lalo ne, ewa kuwa wake ne. Ga kuɓewa, ga gwanda, ga lemo wanda ya fi kyau a ci da zarensa. Kuka da zogale busassu ba sa lalacewa a hanya, ana samunsu a Sabo da Agege. Kindirmo yana ɗauke da halittu masu amfani, sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin ta kwana, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka. Wanda bai saba da wake da ganye ba ya fara da kaɗan-kaɗan, yana shan ruwa da yawa, don gudun kumburin ciki. Ruwan da ba a yarda da shi ba kuma a tafasa shi.

Saura maganar kafso. Mutane da yawa da zarar ciki ya murɗa sai su sayi mai ja da rawaya a tashar mota su haɗiye. Irin wannan magani ba ya tantance aboki da maƙiyi, yana kashe masu amfani tare da masu cuta, saboda haka kada a sha sai likita ya rubuta.

Haka kuma ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Wanda ya ga jini, ko yana ramewa ba dalili, ko bayan gidansa ya canja har makonni, to ya nufi asibiti, kada ya tsaya wajen mai tallar magani a bakin kasuwa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, kuma wanda ya baro iyali a Arewa suna jiran aike, jikinsa shi ne jarinsa.