Ƙaramar Hukuma da Rage Iskar da ke Ɗumama Duniya: Duba ga Birnin Kudu da Gwaram

A taron sauyin yanayi da aka yi a Gilasgo cikin Nuwamba 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa shekarar 2060 Nijeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa. A wannan watan ne kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Kafin nan, ƙasar ta ɗauki nauyin rage kashi 20 cikin 100 zuwa 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 47 in ta sami tallafin waje. Wannan maƙala tana duba inda alkawarin yake sauka idan ya bar Abuja ya iso kudancin Jigawa, wato ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram.

Mafi yawan rubuce-rubucen da ake yi a kan wannan batu suna magana ne a kan birane irin su Landan, inda magajin gari yake da iko a kan motocin haya da tsarin gine-gine. Babu irin wannan kujera a tsarin mulkin Nijeriya. Abin da ake da shi shi ne ƙaramar hukuma, kuma Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya zayyana ayyukanta: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, da sa hannu wajen bunƙasa noma. Ba a ambaci yanayi ko sau ɗaya a jerin ba. Amma wanda ya karanta shi da idon yau zai ga cewa kusan kowane aiki a ciki ƙofa ce da iskar take fita.

A nan akwai matsalar harshe da ta shafi manazarta Hausa kai tsaye. Kafafen yaɗa labarai sun saba fassara wannan iska da «hayaƙi mai gurɓata muhalli». Hayaƙi kuwa, a wurin Bahaushe, abu ne da ido ke gani, hanci ke ji. Iskar kabon ba ta da launi, haka ma iskar metan, wadda ke tashi daga ruɓaɓɓiyar shara da tumbin shanu da gonar shinkafa mai kwance da ruwa. A tsawon shekara 100, ƙarfin metan wajen riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 28. Kansilan da aka ce wa ya yaƙi hayaƙi zai nufi injin niƙa da salansar babur, ya wuce juji bai waiwaya ba. A ganin mai wannan rubutu, «iska mai riƙe zafi» ta fi kusa da ma'ana.

Wurin da hannun hukuma ya fi kaiwa shi ne man da ita kanta take ƙonawa. Kowace litar dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na kabon, ta fetur kuma kimanin 2.3. Janareton da ke kunna fitilun titi, da wanda ke turo ruwa daga rijiyar burtsatse, da na sakatariya, duk suna cikin wannan lissafi. Mayar da su kan hasken rana yana rage iskar tun daga daren farko. Gaskiyar magana, tsadar mai ce ke ingiza wannan sauyi, musamman bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba tunanin ɗumamar duniya ba. Wannan ba aibi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kulawa: batir yana da wa'adi, ƙurar hunturu tana rufe faranti, kuma kasafin da ya tanadi kuɗin kafawa bai tanadi na gyara ba zai mayar da gari kan janareto cikin 'yan shekaru.

Shara ta fi wuyar sha'ani. A garuruwa irin waɗannan, yawancinta ragowar abinci ne da toka da kashin dabbobi, gauraye da leda. In an tara ta jiƙe, metan ya tashi. In an cinna mata wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Maganin ba baƙo ba ne, domin manomin Hausa ya daɗe da sanin kai takin juji gona kafin damina. Leda ce ta ɓata wannan al'ada. Hukumar da ta sa ma'aikata su ware leda a babbar kasuwa irin ta Sara da ke Gwaram, ta kuma tsara yadda za a kwashe dattin mayanka zuwa ramin taki, ta yi aikin yanayi ko da ba ta kira shi da wannan suna ba.

Sai dai babban kaso na iskar da yankin karkara ke fitarwa yana wajen katangar sakatariya: itacen girki, gawayi, kiwo da noman fadama. Dokar daji da tsaron muhalli sun fi karkata ga jiha, ta hannun ma'aikatar muhalli da hukumar JISEPA, yayin da manyan shirye-shirye kamar Babbar Koriyar Ganuwa da ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disamba 2021, suke saukowa daga tarayya. Rabon ƙaramar hukuma a nan shi ne kusanci. Ita ce ke zama da hakimai da dagatai na masarautar Dutse, waɗanda suka san wa ya sare gawo a gonar wa. Malamin gonarta ne zai iya nuna wa mai shinkafar rani cewa barin gona ta tsane na 'yan kwanaki kafin a sake ba ta ruwa yana rage metan, yana kuma rage fetur ɗin injin ban-ruwa. Hana saran itace ba tare da samar wa uwargida murhu mai tsimin itace ba kuwa, tura masu saran ne kawai su koma aikin dare.

Duk wannan yana komawa ga kuɗi. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har zuwa 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. Aiwatar da hukuncin bai yi saurin da aka zata ba. Ko da ya tabbata, akwai matakin da ba ya jiran Abuja: ƙidaya. Biranen da suka yi nisa a wannan aiki sun fara ne da rubuta yawan man da suke ƙonawa da nauyin sharar da suke kwashewa a shekara. Takardun sayen dizal suna ofishin ma'aji, adadin dabbobin da aka yanka kuma yana cikin rasit ɗin masu karɓar haraji a mayanka. Ma'aikaci guda a sashen tsare-tsare zai iya haɗa su wuri ɗaya, ya ninka litocin da 2.7, ya miƙa wa majalisa kafin zaman kasafin baɗi.