Sadique Abubakar: Daga Makarantar Bauchi Zuwa Shugabancin Mayaƙan Sama

Mutanen Bauchi da ke zaune a Ikko, da Badun, da Fatakwal sun sha jin sunan Eya Mashal Sadique Baba Abubakar, amma da yawansu a takardar kuri'a suka san shi, ba a cikin kaki ba. Alhali kuwa mutumin ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana aikin soja kafin ya taɓa hawa dandalin siyasa.

An haife shi a Azare ran 8 ga Afrilu, 1960, amma a cikin garin Bauchi ya yi karatunsa na firamare da na sakandare. A 1979 ya shiga rundunar mayaƙan sama, aka ba shi muƙamin hafsa a 1982.

Jirgin da ya ƙware a kai shi ne mai saukar ungulu, watau helikwafta. Wannan jirgi ba shi da kwarjinin jirgin yaƙi mai gudu kamar walƙiya, amma shi ne ke sauka inda babu fili, ya kai soja daji, ya kwaso masu rauni. Matuƙinsa yana tafiya ƙasa-ƙasa, inda harsashin abokan gaba ke iya cim masa. Da wannan sana'a Sadique ya yi zaman Kudu, ya shugabanci rukunin mayaƙan sama na ayyuka na musamman a Fatakwal, kusa da fadamun Neja Delta. Saboda haka shi ma ya ɗanɗana zaman ci-rani irin nasa.

Ran 13 ga Yuli, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi babban hafsan mayaƙan sama. Lokacin kuwa yaƙin Boko Haram ya yi tsanani, jiragen rundunar da dama sun tsufa, wasu ma an jingine su don rashin kayan gyara. Nan ya fi sa ƙarfinsa. Aka tayar da waɗanda za su tasu, aka sayo Mi-35M daga Rasha, da Super Mushshak na koyon tuƙi daga Pakistan. Aka kuma ƙulla cinikin Super Tucano guda 12 da Amurka, ko da yake sai bayan saukarsa suka fara isowa, a Yulin 2021. A zamaninsa ne aka kafa rundunar ayyuka na musamman, aka ajiye hedkwatarta a Bauchi. A 2019 kuma ya liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fukafukai, matan farko da suka zama matuƙan jiragen yaƙi a ƙasar nan.

To, amma akwai tabon da ba ya gogewa. Ran 17 ga Janairu, 2017, jirgin rundunar ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Jihar Borno. Rahotanni sun ce sama da mutum 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Sojoji sun amsa cewa kuskure ne. Waɗanda suka mutu talakawa ne da suka gudo daga wuta suka faɗa wata, kuma wanda ke riƙe da ragama ba ya tsame kansa daga irin wannan.

Ya sauka ran 26 ga Janairu, 2021, aka tura shi jakadanci ƙasar Chadi. Bai daɗe ba ya ajiye, ya koma gida neman gwamna a jam'iyyar APC. A zaɓen 18 ga Maris, 2023, Gwamna Bala Mohammed na PDP ya kayar da shi. A bariki umarni ake bayarwa a bi. A Wunti da Muda Lawal kuwa sai an roƙa, kuma mutanen Bauchi sun daɗe da sanin darajar kuri'arsu.