Rabin aji: Ajin da aka fi rainawa a firamaren karkara

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe a Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan a Jihar Kaduna, za ka ga 'yan mata 'yan firamare riƙe da hannun ƙannensu, wasu ma da goyo. Ƙannen nan 'yan shekara huɗu zuwa biyar su ne 'yan rabin aji, wato ajin share fagen shiga aji ɗaya.

A takarda, wannan aji yana da gata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin firamare.

Amma duk wanda ya saba leƙa makarantun gwamnati a karkarar ƙasar Zazzau ya san yadda abin yake. Sau da yawa ɗakin da ya fi lalacewa shi ake bar wa 'yan rabin aji, idan ma ba gindin bishiya ba. Malamin da aka rasa inda za a kai shi, shi ake tura musu. Sai a wuni ana rera baƙaƙen boko da Turanci, yara na amsawa da ƙarfi ba tare da sun san me suke faɗa ba.

Na taɓa zama a bayan irin wannan aji. Malamar ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Bulalar da ke hannunta ita ce kaɗai kayan aikin da aka ba ta.

Yunwa kafin karatu

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57.

Yaron da ya fito gida da ɗan koko a ciki, ko ma bai karya ba, kafin ƙarfe goma ya fara gyangyaɗi. Malami ya ce masa daƙiƙi, sunan kuma ya bi shi har aji shida.

Abin takaici, wannan yanki ba matalaucin abinci ba ne. Kudan da Maƙarfi sun yi suna wajen rake, Ikara wajen tumatir, ga masara da waken suya. Gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, azuzuwa suka cika maƙil, daga baya shirin ya tsaya.

Shi ya sa tsarin renon yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018 bai ware koyo shi kaɗai ba. Ya haɗa shi da lafiya, abinci, tsaro da kulawar babba mai sauraron yaro.

Kayan aikin na bakin gona

Wasu shugabannin makarantu na ganin sai an kawo kayan wasan roba daga Kaduna kafin a yi rabin aji na gaske. Ban yarda ba.

Yaron da ya ƙera motar kara ya auna tsawo, ya daidaita tayoyi huɗu, ya gane dalilin da ya sa ɗaya ke karkacewa. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga tsakuwa tana sarrafa yatsun da gobe za su riƙe fensir. 'Yar gala-gala da langa suna koyar da jiran layi da haƙurin faɗuwa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa, idan malama ta tsaya a tsakiya ta tambayi yara me suke jin zai faru, ta fi awa guda ta haddar Turanci amfani, domin da Hausar da suke mafarki da ita suke ba da amsa.

Yawancin yaran nan ma sun riga sun fara zuwa makarantar allo, sun san zama gaban malam. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai tambaye su, ya jira amsarsu.

A nan ne horon malami ya shigo. Kwalejojin ilimi suna da kwas na musamman kan renon ƙananan yara a matakin NCE. Tambayar da ta kamata iyaye da kwamitin kula da makaranta su yi wa SUBEB ita ce: mutum nawa cikin masu wannan takarda aka turo Kudan, kuma wane aji aka ba su?

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafawa ba. Idan ƙanin yana ajinsa, yayar da ta riƙo hannunsa da safe za ta zauna a nata ajin, maimakon a tsayar da ita gida raino ranar da uwa ke da aiki ko unguwa.

Kafin kuɗin Abuja su iso, kwamitin makaranta na iya fara samar da tabarma, randar ruwa mai murfi, sabulu, da masai ƙarami wanda ɗan shekara huɗu ba zai ji tsoron tsugunawa a kai ba.