Tsohuwar Mota Da Sabon Inji

A ƙasar Amurka, daga shekarar 1964 zuwa wajen 1972, an ƙera waɗansu motoci masu ƙarfi ƙwarai, waɗanda mutanen ƙasar ke kira motoci masu ƙwanji. Pontiac GTO ta fito a 1964, Dodge Charger da Chevrolet Camaro kuma a 1966. Jikinsu matsakaici ne, amma injinsu ƙato, mai silinda takwas. Yayinsu bai daɗe ba, gama a 1970 gwamnati ta tsananta doka a kan hayaƙin mota, a 1973 kuma fetur ya yi tsada. Waɗanda suka saura yanzu sun haura shekara 50, masu su kuwa suna ji da su. Amma inji, kamar kowane abu, yakan tsufa.

Inji ba ya aiki sai da abu uku: fetur, da iska, da wuta. A cikin tsofaffin motoci akwai wani abu da ake kira kafireta, shi ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda. Kafireta ba ta san sanyi ba, ba ta san zafi ba. Saboda haka da sanyin safiya motar takan yi gardamar tashi. In kuwa ta hau dutse mai tsawo, inda iska ba ta da yawa, sai man ya yi mata yawa, ta yi ta baƙin hayaƙi.

Injin zamani ba haka yake ba. Kowace silinda tana da ɗan bututu nata, sunansa injekta, wanda ke fesa mata mai. Akwai kuma wata 'yar kwamfuta mai auna yawan iska da zafin inji, ita ke ba da umurnin yawan man da za a fesa, ba daɗi ba ragi. Don haka motar takan tashi nan da nan, ga ƙarancin shan mai, ga ƙarancin hayaƙi.

Wannan ya sa mutane da yawa sukan cire tsohon inji su sa sabo. Wanda aka fi so shi ne irin da ake kira LS, na kamfanin General Motors. Na farkonsa ya fito a 1997 cikin motar Corvette, da ƙarfin doki 345.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Bakanike yakan ɗaga tsohon injin da sarƙa, ya gyara wa sabon mazauni. Sa'an nan ya sake famfon mai, domin injekta tana bukatar a turo mata mai da ƙarfi wajen ninki goma na kafireta. Dole ya sake bututun man kuma, gama in tsohon ya fashe, mota tana iya kama wuta. Bayan haka ya haɗa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba lagireto da giya. Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, shi ne birki. Wanda ya ƙara wa mota ƙarfi ya bar mata tsohon birki, daidai yake da wanda ya hau ingarma ba linzami.

Duk da haka akwai hasara. A jikin tsohon injin akwai lamba da aka buga tun a masana'anta, mai nuna cewa na wannan motar ne. Masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan kuɗi mai yawa ga wadda ke da injinta na asali. Shi ya sa mai hankali ba ya yar da tsohon inji. Yakan shafa masa mai, ya lulluɓe shi, ya ajiye, ko wata rana a mayar da shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku inji ke bukata?
2. Mene ne aikin injekta?
3. Don me ake sake birki?
4. Me ya sa ake ajiye tsohon inji?