FASHIN BAƘI: Rubutaccen umarnin da ke riƙe da intanet, daga Legas zuwa Nassarawa GRA

A daren Litinin, 12 ga Nuwamba, 2018, agogon Najeriya, jama'a da dama a Amurka da wasu ƙasashe suka ga shafukan Google sun ƙi buɗuwa. Masu sa ido kan zirga-zirgar intanet suka lura cewa saƙonnin da ya kamata su nufi Google kai-tsaye sun karkace, suna bi ta wani kamfanin sadarwa na Rasha, su faɗa hannun China Telecom, can su maƙale. Nan take aka fara raɗe-raɗin leƙen asiri.

Washegari sai kamfanin MainOne da ke Legas ya fito ya ce daga wajensa matsalar ta taso. Ana cikin aikin inganta na'urori ne aka yi kuskure wajen saita matatar da ke tantance hanyoyin da kamfanin ke sanar wa maƙwabtansa. An gyara cikin minti 74.

Wannan ya sha bamban da abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gabar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka shiga tasku. A 2018 duk wayoyi lafiya lau suke, na'urori na aiki. Abin da aka rubuta musu ne ya zo da tangarɗa, su kuwa suka bi shi sau da ƙafa.

Irin wannan rubutu ba a Legas kaɗai ake yin sa ba. Nassarawa GRA a Kano cike take da otal-otal, asibitoci, makarantu, ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyi, daga Titin Sokoto zuwa Titin Audu Bako da Titin Ahmadu Bello. Duk ginin da kwamfutocinsa suka wuce 'yan ƙalilan, akwai wani ɗan kabad a lungu ko ƙarƙashin bene, da fitilu korra na ƙyaftawa a ciki. Mai ginin ya san kuɗin da ya biya, ya san launin akwatunan, amma da wuya ya san abin da aka rubuta a cikinsu.

Aikin suwic da aikin rauta

Na'urori biyu ne kan gaba a cikin kabad ɗin. Suwic shi ne mai kafofi da yawa, galibi 24 ko 48, wanda wayoyin kwamfutoci, firinta da kyamarori ke taruwa a jikinsa. Aikinsa irin na mai unguwa ne: ya san kowane gida a layinsa, saƙo ya zo sai ya miƙa shi ga ƙofar da ta dace, bai damu da abin da ke bayan gari ba.

Rauta kuwa ɗan kamasho ne. Wanda ya je tashar Unguwa Uku ya san ɗan kamasho ba ya tuƙa kowa zuwa Abuja. Abin da ya sani shi ne wace mota ce za ta nufi can, ya saka fasinja, ya juya ga na gaba. Rauta na duba adireshin da ke jikin kowane ƙunshin bayani, ta duba jadawalinta, ta tura shi ga rauta ta gaba. Manyan rautocin kamfanoni suna yi wa juna shela ta wata ƙa'ida da ake kira BGP, kowace na cewa ta wajena ake bi zuwa wuri kaza. Tsarin an gina shi ne bisa yarda, shi ya sa da shelar ta fita daga Legas bisa kuskure, wasu suka gaskata suka yaɗa.

Yadda ake magana da su

Sabuwar na'ura irin ta ofis ba ta da allo, ba ta da maɓallan rubutu. Injiniya yana haɗa kwamfutarsa da ita ta wata waya ta musamman da ake kira konsol, wadda a kayan Cisco shuɗiya ce mai haske, ya buɗe wata ƙaramar manhaja kamar PuTTY, ya saita gudun a 9600. Sai baƙin allo ya bayyana, da sunan na'urar da alamar > a gabansa, tana jiran umarni.

A wannan mataki kallo kawai aka yarda mutum ya yi. Idan ya rubuta “enable” ya shigar da kalmar sirri, alamar ta koma #, ya shiga zaure. Idan ya ƙara da “configure terminal”, to ya shiga cikin gida, duk abin da ya taɓa zai motsa. Don ba wa kafa ɗaya adireshi, layi uku sun isa: “interface GigabitEthernet0/1” don zaɓar kafar, “ip address 192.168.10.1 255.255.255.0” don ba ta adireshi, sai “no shutdown” don buɗe ta, domin kafofin rautar Cisco a rufe suke zuwa. Ɗalibai da yawa sun ɓata sa'o'i suna canza waya, alhali layin na uku ne suka manta.

Harshen yana da sauƙin nahawu fiye da yadda baƙin allon ke tsorata mutum. Kalmar “show” tana nuna halin da ake ciki, kalmar “no” a gaban umarni tana warware shi, alamar tambaya kuma tana jero kalmomin da za su iya biyo baya. Kamfanin Cisco, wanda Leonard Bosack da Sandy Lerner suka kafa a 1984, shi ya shimfiɗa salon da akasari ake koyo da shi. Sauran suna da karin harshensu. A na'urorin Huawei “display” ake cewa a madadin “show”, “undo” a madadin “no”. MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda arharsa ta sa ƙananan masu sayar da intanet ke rububinsa, nasa tsarin daban ne. Wanda ya iya ɗaya ba ya daɗewa kafin ya kama sauran, kamar Bakano ne a kasuwar Sakkwato.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa ake wannan wahala, alhali yawancin na'urorin suna da shafi mai hotuna da ake latsawa? Amsar ita ce rubutu yana ajiyuwa. Ana kwafarsa, ana kwatanta na jiya da na yau a ga layin da ya canza, ana zuba shi a suwic arba'in cikin ɗan lokaci, yana kuma wucewa ta layin intanet mafi rauni. Latse-latse kuwa, in an gama an gama, sai abin da mai latsawar ya tuna.

Kalma ɗaya a otal

A ɗauki misalin otal mai hawa uku. Baƙi na son intanet, kyamarorin tsaro na aika hotuna, ofishin kuɗi na da nasa kwamfutocin da na'urorin POS. Ba hikima ba ce baƙon da ya kama ɗaki na kwana ɗaya ya zauna a layi ɗaya da kwamfutar akanta. Saboda haka ake raba suwic gida-gida da abin da ake kira VLAN, kowane rukuni da lambarsa: 10 ga ma'aikata, 20 ga baƙi, 30 ga kyamarori. Waya ɗaya ce ke ɗauke da rukunan duka daga hawa zuwa hawa.

Ranar da aka so ƙara rukuni na 40, umarnin da ya dace a kayan Cisco shi ne “switchport trunk allowed vlan add 40”. Idan aka manta kalmar “add”, na'urar ba za ta yi gardama ba. Za ta fahimci cewa 40 kaɗai ake so, ta kori 10 da 20 da 30 nan take. Kyamarori su makance, POS ya tsaya, kuma in injiniyan daga nesa yake aiki ta wannan wayar, ya datse reshen da yake zaune a kai. Wannan kuskure sananne ne a duk inda ake wannan sana'a.

Manya ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin sa'o'i shida. Bayanin da kamfanin ya fitar ya nuna cewa umarni ne aka bayar yayin gyara na yau da kullum, manhajar da ya kamata ta tare shi kuma tana da nata lahanin. Da hanyoyin suka yanke, su kansu injiniyoyin suka kasa shiga daga nesa, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafa.

Masu ƙera na'urorin sun tanadi igiyar tsira. A Cisco ana rubuta “reload in 10” kafin taɓa abu mai haɗari, ta yadda in an kulle kai a waje, bayan minti goma na'urar za ta sake tashi da tsohon saitinta. Juniper na da “commit confirmed”, wanda ke janye canjin in ba a tabbatar da shi ba cikin minti goma. MikroTik na da Safe Mode. Duk kyauta ne, gaggawa ce kawai ke sa a tsallake su.

Inda wutar lantarki ta shigo

A nan ne lamarin ya fi shafar Kano. A na'urorin Cisco da na Huawei, umarni yana fara aiki da zarar an danna shi, amma a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. Ba ya shiga ma'ajiya ta dindindin sai an ce ya shiga, da “copy running-config startup-config” ko “write memory” a Cisco, ko “save” a Huawei. In wuta ta ɗauke kafin nan, na'urar za ta tashi da saitin da aka adana na ƙarshe, ko da na bara ne.

A inda wuta ba ta da tabbas, sai a zaci za a gano wannan da wuri. Abin mamaki, inbata da batir ne ke ɓoye shi. Injiniya ya zo ya yi aikin sa'o'i uku, komai ya tashi, an biya shi ya tafi. Batir ya riƙe na'urar wata huɗu ba ta taɓa mutuwa ba. Sai ranar da batirin ya gaza, kamar a ƙarshen Oktoban 2024 da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. Wuta ta dawo, fitilu korra na ƙyaftawa kamar kullum, amma aikin wata huɗu ya gudu. A lokacin babu mai tuna abin da aka canza, laifin kuma sai ya faɗa kan kamfanin intanet ko kan “netwok”, wanda dama shi ke ɗaukar laifin kowa.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Hanyar da injiniya ke shiga daga nesa ita ce ɓarawo ma ke nema. Tsohuwar hanyar, Telnet, tana aika kalmar sirri a fili, duk wanda ke saurare a layin zai karanta. SSH, wadda Tatu Ylönen na ƙasar Finland ya ƙirƙira a 1995, tana lulluɓe komai, kuma babu uzurin ƙin amfani da ita a yau. A 2018 an gano wata ɓaraka a manhajar Winbox ta MikroTik. Kamfanin ya toshe ta a watan Afrilu, amma watanni bayan haka sai da aka kutsa cikin rautoci fiye da 200,000, akasari a Brazil, domin masu su ba su sabunta ba. Na'urar gwanjo kuma tana iya zuwa da saitin tsohon mai ita, har da sunayen masu izinin shiga, in ba a goge ta tas ba.

Masu iya wannan aiki ana ƙara buƙatarsu a Kano. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a birnin, kuma cibiyar horaswa ta Digital Bridge Institute, mallakar hukumar NCC, tana da reshe a nan. Matashin da ke da kwamfuta zai iya fara koyo ba tare da sayen ko waya ɗaya ba, ta manhajar Packet Tracer ko GNS3, kafin ya tunkari jarrabawar CCNA. Sai dai wanda ya ƙware ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana Kano, gobe Abuja ta kira shi.

Wannan ne ya sa mai ofis, ko da bai san “enable” ba, yake da haƙƙin karɓar abu uku kafin ya biya kuɗin aiki: kwafin saitin kowace na'ura, wanda ɗan ƙaramin fayil ne na rubutu, kalmomin sirri a rufaffiyar ambulan, da zanen da ke nuna wace waya ce ta shiga wace kafa. A ra'ayina injiniyan da ya ƙi bayar da su yana tsare kujerarsa ne, ba ofishin ba. A kayan Cisco ana iya farfaɗo da kalmar sirrin da ta ɓata in an zo gaban na'urar da wayar konsol. A MikroTik kuwa sai dai a goge komai a faro daga tushe.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Idan injiniya ya ce ya gama, a roƙe shi ya kashe na'urar a gaban mai ofis, ya sake kunna ta, a jira ta gama tashi, sannan a gwada POS da kyamarori da intanet ɗin baƙi ɗaya bayan ɗaya, tun bai ɗauki jakarsa ba.