Kafin Ka Sauya Tsangayar Shari'a, Tsaya Ka Karanta Wannan

Duk hutu in mun koma gida, a Yelwa ko Wara ko Shanga, sai ka ji wannan zancen a majalisa: "Ni fa lauya nake son zama, da na gama difloma zan tsallaka jami'a." Wani kuma ya riga ya fara karatun shari'a a nesa, kuɗin mota da na makaranta sun yi wa mahaifinsa yawa, yana neman dawowa Sakkwato. Duk niyya ce mai kyau. Amma duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san ba a sauya kwale-kwale a tsakiyar gulbi sai an tabbatar da lafiyar wanda za a shiga.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, digirin shari'a kaɗai ba ya mayar da mutum lauya. Bayan shekara 5 a jami'a, ko 4 ga wanda ya shiga ta DE, sai ka yi shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962. Hedikwatarta na Bwari a Abuja, tana kuma da rassa a Legas, Inugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal da Bagauda ta Kano. Sai ka ci jarabawarta kafin a rantsar da kai. Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ce ke riƙe da wannan ƙofa, ita ce kuma ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka.

A nan ake yin asara. Idan jami'a ta ɗebi ɗalibai fiye da kason da aka ba ta, rarar za su gama digiri su zauna a gida suna jiran layi. A Nuwamban 2023 majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a har shekara 5 saboda wuce adadi. Waɗanda suka yi shari'a a jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, su ma sun shafe shekaru ba a karɓe su ba. Saboda haka tambayar farko ga duk tsangayar da kake son komawa ita ce: NUC da majalisar duk sun amince da ita? Nawa ne kasonta, nawa ne kuma a ajin da za a saka ka? In an yi maka kwana-kwana wajen amsa, ka ja da baya.

Abu na biyu, darussan ba iri ɗaya ba ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano suna haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a digiri guda. A Jami'ar Ahmadu Bello, a harabar Kongo ta Zariya, akwai layin dokar ƙasa daban, akwai na shari'ar Musulunci daban. Idan ka fito daga inda ba a koyar da shari'ar Musulunci ka shiga inda ake haɗawa, za ka tarar da bashin darussa yana jiran ka. Shi ya sa sau da yawa ake mayar da mai canji baya da aji guda. Ka zauna da iyayenka ku yi lissafi da biro: shekarar da za ta ƙaru da kuɗinta, da kuɗin motar da kake gudu, wanne ya fi nauyi?

Yadda canjin ke tafiya kuwa, a galibin jami'o'i sai ka kammala aƙalla shekara guda, CGPA ɗinka na da kyau, ba ka kuma da laifin satar amsa ko kora a fayil. Za ka sayi fom ɗin canji a jami'ar da kake son zuwa, tsohuwar ta sake ka a rubuce, sannan ta aika da cikakken sakamakonka kai tsaye daga ofis zuwa ofis. Don Allah kada ka bar ajinka sai takardar karɓa ta zo hannunka. Alkawarin baki na "kawai ka taho, za mu san yadda za a yi" ba takarda ba ne. Bayan nan ka je ofishin JAMB a Birnin Kebbi a gyara bayananka su koma sunan sabuwar jami'a. Tun 2017 JAMB ke bi da gurbin karatu ta manhajar CAPS, kuma in sunanka bai dace da makarantarka a wurinsu ba, lokacin bautar ƙasa za ka gane kurenka.

Mu 'yan poli namu hanyar daban ce. Ba canji muke yi ba, sabuwar shiga ce ta DE, zuwa aji 2. Kuma ba kowace difloma ake karɓa a shari'a ba. Wasu jami'o'in na karɓar diflomar shari'a, wasu sun fi son IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko JUPEB, ko digirin farko. Buɗe littafin jagora na JAMB na shekarar ka duba jami'a ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma waiwayi sakamakonka na WAEC ko NECO: Turanci da Adabin Turanci su ne suka fi kayar da mutane. In babu kiredit a Adabi, gara ka sake zama tun yanzu kana cikin poli.

Yankinmu na buƙatar lauyoyi 'yan gida. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi garuruwa aka sake musu matsuguni, maganar gona da wurin kamun kifi da gado ba ta ƙare ba a masarautar Yawuri. Mai jin Hausa da Gunganci ko Kambarci, ya kuma san doka, zai yi wa mutanensa amfani sosai. To ka bi hanyar da za ta kai ka har ranar rantsuwa. Ka tambaya, ka karɓi komai a rubuce, ka ajiye kwafin kowace takarda da rasit. Allah Ya ba mu sa'a, amin.