Ɗaga Mota da Iska: Jan Kunne ga Direbobi

Waɗansu motocin shiga daji, kamar Range Rover tun daga shekarar 1992, ba bisa sifirin na ƙarfe suke zaune ba. Jakunkunan roba huɗu ne cike da iska ke ɗauke da su, kowace taya da tata. Idan direba ya danna maɓalli, sai wani ɗan famfo ya hura iska, motar ta ɗaga. Idan iskar ta fita, ta sauka.

Kafin a shiga rafi ko kwazazzabo, sai a tsaya inda ƙasa ta daidaita, a bar inji yana aiki, a rufe ƙofofi, sa'an nan a ɗaga. Da zarar an hau kwalta, lalle ne a mai da ita yadda take, domin mota mai tsayi ba ta da wuyar kifewa a kwana.

Ana jawo hankalin makanikai musamman: kada kowa ya kuskura ya kwanta ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙarfe, gama jaka tana iya sacewa farat ɗaya. Motar da ta wayi gari a karkace kuwa, yoyo gare ta. A shafa wa jakar ruwan sabulu, kumfa zai nuna wurin.